Ginshiƙin Siminti a Fadamar Gwazar Inna

Mai girma shugaban taro, Ngiraibai. Masu sarautar gargajiya da ke zaune a inuwar rumfa. Iyayenmu mata da ke zaune a rana, tunda rumfar ba ta kai gare mu ba. Fastonmu da ya buɗe mana da addu'a. Baƙinmu da suka taso daga birnin Koror. Tsofaffin 'yan wasanmu na yakyu, wasan nan na dukan ƙwallo da sanda, da suka cusa tumbinsu cikin rigunan shekara arba'in har maɓallai na neman agaji. Samari da 'yan mata. Jama'ar Ngerkebau baki ɗaya, ina gaishe ku da gaisuwar girmamawa.

Ni ce Imaim, 'yar Ilebrang, yayar Skebong, gwarzon da muka taru dominsa. Ina godiya ga kwamiti da ya ba ni minti biyar in yi magana da yawun iyali. Na san sun zaci zan share hawaye, in ce ina alfahari da ƙanena, in koma mazaunina. Ina godiya ga matan da suka wuni a bakin murhu. Gwazar da ke gabanku daga fadamar can ta fito, wadda ke bayan fili, fadamar mahaifiyarmu. Ku ci a hankali, ku ji daɗinta da kyau, domin in an bi takardar da shugaba ya karanta ɗazu, wannan ce ta ƙarshe. Ranar Litinin za a kawo motar tura ƙasa a cike fadamar, a faɗaɗa fili, a kafa ginshiƙin siminti a daidai inda aka ce ƙwallon Skebong ya sauka. Skebong kuwa, a matsayinsa na mai riƙe da sarautar gidanmu, ya riga ya sa hannu. Bai tambaye ni ba.

Magana ta farko, bari in maimaita labarin, saboda yaran da ba a haifa ba a lokacin, ko da yake ban san yaron da ya tsira daga jin sa ba. Wasan ƙarshe ne na cin kofi, mu da 'yan Koror. An shiga zagaye na tara, wanda babu wani bayansa. Suna da biyar, muna da biyu. An fitar da mutum biyu daga cikinmu, saura ɗaya a tashi wasa. Namu uku suna tsaye a kusurwoyi uku, kowa na jiran wanda zai buɗe masa hanyar komawa gida, wato kusurwar da ake cin maki. Sai Skebong ya ɗauki sanda. Jifa ta farko ya kai wa iska duka. Ta biyu ma iskar ce ta sha. A ta uku, in ji masu labari, ya buga homran, wato ƙwallo ya tashi ya bar fili, mutum huɗu suka dawo gida, shida da biyar. Aka ɗauke shi a kafaɗa har bakin teku. To, mutum huɗu sun dawo gida, wannan gaskiya ne. Kofi kuma ga shi can a kan tebur, ba wanda ya sato shi.

Magana ta biyu, tsayin wannan bugu. Jama'a, ban taɓa ganin abin da ke girma ba ruwa ba taki kamar ƙwallon nan ba. A shekarar farko an ce ya tsallake gefen fili. Da aka yi shekara biyar, ya tsallake bishiyar kwakwa. Da aka yi goma, kwakwar ta zama biyu, har ya kakkaɓo ɗaya a hanya. A bikin shekara ashirin, da kunnena na ji wani dattijo, yana nan cikinku yana sunkuyar da kai, yana rantsuwa cewa wani masunci ya tsinci ƙwallon a cikin kwale-kwalensa bayan duwatsun murjani, can cikin teku. Na ce masa, "Kawu, ai da ka bari ya ƙarasa ƙasar Filifin, ya huta gaba ɗaya." Ya tofar da jan yawun abin da yake taunawa ya ce, "Ke mace ce, me kika sani a yakyu?" Ranar wasan mutanen da ke filin nan ba su kai ɗari biyu ba. Yau waɗanda suka gani da idonsu sun fi dubu, har da waɗanda uwayensu ke goye da su.

Magana ta uku, abin da ni na gani, kuma gani ya kori ji. Ina da shekara goma sha tara. Ba na cikin 'yan kallo, ina cikin laka har gwiwa tare da Inna, ina miƙa mata ganyen da muke binnewa a gindin gwaza, domin gwaza ba ta san ranar cin kofi ba. A wancan zamani babu shinge ta wannan gefe, fadamar ce iyaka. Dokar da ku maza kuka kafa da kanku ita ce, ƙwallon da ya faɗa fadama ta sama homran ne, wanda kuwa ya gangara ta ƙasa yana nan da ransa, sai a bi shi a ɗauko. Ko ba haka ba ne, shugaba? Ka gyaɗa kai, na gode.

Muka ji ƙarar sanda, muka ji ihu. Na ɗaga kai ina neman abu a sama, ban ga komai ba sai gajimare. Sai ga ƙwallo tafe a ƙasa, yana tsalle-tsalle cikin ciyawa kamar kwaɗo, ya gangaro tudu a gajiye, ya shigo fadama taku huɗu, ya kwanta a laka. Bayansa ga wani saurayi ɗan Koror da gudu kamar zai tashi sama. Haruo ne. Ga shi can cikin baƙinmu da farar hula. Barka da zuwa, Haruo, kada ka tashi, yanzu aka zo wurinka.

Ya iso bakin fadama zai zura ƙafa. Inna ta miƙe, laka har cinya, ta riƙe ƙugu ta ce, "Kai, ɗan wane gida ne?"

Ya ce, "Inna, don Allah, ƙwallo!"

Ta ce, "Ban tambaye ka ƙwallo ba. Wace ce uwarka?"

Ya ce, "Obechou."

Ta ce, "Obechou ta wajen gada? To, Obechou ce ta koya maka faɗa wa fadamar mata da takalmi, ko gaisuwa babu?"

Wallahi yaron nan ya cire hula. Ya riƙe ta da hannu biyu ya gaida Inna. Ta amsa a natse, ta tambayi lafiyar uwarsa, ta tambayi ciwon ƙafar kakarsa. Yana amsawa yana waiwaye, hawaye na taruwa a idonsa, namu kuwa suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Sai da ihu na huɗu ya tashi, sannan ta sunkuya ta ɗauki ƙwallon, ta wanke shi a ruwa, ta miƙa masa ta ce, "Ungo. Ka gaida gida."

Ku da ke can nesa, rana na dukan idonku, tudu ya tare muku, abin da kuka hango kawai shi ne ɗan Koror tsaye ba hula. Wani ya yi ihu, "Ƙwallo ya tashi!" Shi ke nan ya tashi. Haruo ma bai musa ba, kuma ban ga laifinsa ba. Wane saurayi ne zai koma birni ya ce tsohuwa ce ta tsare shi da gaisuwa? Gara a ce aradu ce ta faɗo masa. Wanda ya ci ya yarda, wanda aka ci ya yarda, ƙarya ta samu iyaye biyu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: Inna ta ci muku kofi, Skebong ya hau kafaɗa.

Za ku ce, me ya hana ni faɗa tuntuni? Na so in faɗa tun a ranar. Inna ta kama hannuna ta ce, "Ƙyale maza da labarinsu, Imaim. Labari ba ya cin gwaza." Na ƙyale. Shekara arba'in ina dafa abincin wannan biki, ina tafi in an tafa. Amma Inna, Allah ya ji ƙanki, a nan kam kin yi kuskure. Labarin ya girma, ya yi haƙora, ranar Litinin zai zo da mota.

Yanzu da kai nake, Skebong. Ɗago kanka, ƙanena, ba a ƙasa nake ba. Ban zo in ƙwace maka kofi ba. Ka buga, ka yi gudu, kuma gudun kam ka yi shi, ban taɓa ganin ka yi irinsa ba, ko da aka aike ka. Amma ka sani, ni ma na sani, domin da ka zagayo kusurwa ta biyu ka waiwayo, muka haɗa ido. Kuma ka san sarautar da ka sa hannu da ita ba a filin wasa ka samo ta ba. Mu matan gida muka zauna muka ɗora maka, kamar yadda aka saba, kuma hannun da ya ɗora bai shanye ba. Sai dai ba na so in kai can. Raina ne ya ɓaci, kuma zan faɗa a gaban kowa: ka ba ni kunya, ka kuma sa ni kuka a ɗakina, ni da ban yi kuka a gaban mutum ba tun rasuwar Inna.

Da gwazar fadamar nan aka yaye ka. Da ita muka ciyar da dangin matarka. Ranar da aka fito da matarka bayan wankan haihuwar fari, kwando goma sha biyu na ɗauko a kaina daga can. Kai da ni mun tsufa, kuma ranar da ɗayanmu ya kwanta, jama'ar nan za su zo zaman makoki, za a ciyar da su. In kai ka riga ni, da me kake so in ciyar da su? In yanka musu siminti?

Tambaya ɗaya zan yi maka, ka amsa a gaban sarakuna, a gaban fasto, a gaban Haruo. Ƙwallon nan, tashi ya yi ko gangarawa?

Shugaba, bar duba agogo, ina sane da minti biyar ɗinka. Inna ta tsayar da wasan cin kofi, ni ma zan iya tsayar da taro.

Me ka ce? Ɗaga murya, matan da ke rana ba su ji ba.

To, kun ji da bakinsa. Gangarawa ya yi.

Ya isa, zauna, ƙanena. Goge fuskarka, mutane na kallo. Kada kowa ya yi masa dariya, domin dukanku kun taya shi ɗaukar wannan kaya, shi kaɗai ya sauke. Shugaba, abin da bai tashi ba bai sauka ba, saboda haka babu wurin kafa ginshiƙi. Ka miƙa wa Skebong takardar nan, shi ya sa hannu, shi ya san yadda zai yi da ita. Mai mota kuma a gaya masa ya huta ranar Litinin.

Allah ya ji ƙan iyayenmu da suka riga mu. Allah ya raya yaranmu, ya ba su ƙarfin bugu da gaskiyar baki. Allah ya kiyaye masuntanmu a teku, ya mai da baƙinmu Koror lafiya. Allah ya ba mu ruwa daidai bukatar fadama, ya bar ni da ƙanena mu ci daga cikinta shekaru masu yawa.

Na gode.