Tsumma a Bututun Iska

A wani shagon kayan famfo a Alƙahira, Midhat ya juya ga dattijon da ke bayansa a layi.

"Baba, ruwan cikin masai sai janyewa yake, wari ya cika mana gida. Ga masu neman auren 'yata suna tafe jibi."

"Kada ka sayi komai, ɗana. Hau rufi, wani ne ya toshe bututun iskar masai."

"Wa zai yi haka?"

"Mai tattabaru mana! Ni ma tsumma na cusa wa namu, warin yana damun tsuntsayena."

"A ina kake?"

"Benen saman gidan burodin Fathi."

Midhat ya mayar da kuɗinsa aljihu.

"Makon jiya na tare a hawa na biyu na wannan benen. Mu je, Baba, ka riƙe mini tsani."