Muryar tsohuwa cikin farar salula

Salamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Illa ne daga Dogarawa.

Ran Laraba na je kasuwar Konni sayen salula ta hannu. Mai shago ya aje mini biyu, baƙa mai kyan hoto da fara mai riƙe caji. Garinmu babu wuta, sai na ɗauki farar.

A gida na iske saƙon wata tsohuwa a ciki: "Sani, gero ya nuna. Ka zo gida, ƙafafuna sun ƙi."

Mai shago bai san mai salular ba. Matata ta ce in goge, hannuna ya kasa. Ko a gona muryar nan nake ji.

Jama'a, in goge? Kai kuma Sani, in kana da rai, ka je gida.