Ɗanyen Dankali a Gilashin Hular Kwano

Ruwa ya tsare masu babura a ƙarƙashin wata gada a birnin Bogota. Doña Nubia, mai tallar maganin fesa wa gilashin hular kwano, ta zura wa wani saurayi ido yana goga ɓarin ɗanyen dankali a gilashin hularsa.

"Ɗan nan, miya za ka yi da hular?"

"Yana sa ruwa ya zame, Mama."

"Ya kuma bar ka kana gani dishi-dishi. Fesa wannan, ko ɗigo ba zai tsaya ba."

"Haka kowane mai talla yake faɗa. Kin taɓa hawa babur?"

"Mijina ya hau. Kullum da safe ni nake fesa masa da hannuna."

"To, ya zo ya ba da shaida mana."

"Ba zai zo ba. Tirela ta bi ta kansa, ana ruwa irin wannan."

Saurayin ya daina gugar. "Ashe maganin bai yi ba ke nan."

"Ya yi! Ni na karɓo hular, gilashin tas yake. Ya ga motar sarai." Ta cusa kwalbar a jaka. "Direban ne bai gan shi ba."