Zazzaɓin Kwamfutar Lukman

FALALU: Salamu alaikum. Adda, kina ji na?

ADDA: Wa alaikumus salam. Wa ke magana?

FALALU: Falalu ne, jikanki. Adda, kwamfutar nan...

ADDA: Au, ta fi ni ke nan? Ba gaisuwa?

FALALU: Ki gafarce ni. Ina wuni?

ADDA: Lahiya lau. Ina gajiya? Ya kasuwar Damri?

FALALU: Alhamdulillahi.

ADDA: An sayar da shanun kawunka Hamma?

FALALU: Biyu sun tafi. Ya ƙafar taki?

ADDA: Tana nan yadda ka bar ta. To, amayar da abin da ke cin ka.

FALALU: Kwamfutar da na bari kunne a ɗakinki saboda wutar sola...

ADDA: Mai kuka kamar injin niƙa? Tun hantsi ta hana ni jin rediyo.

FALALU: Innalillahi! Kuka take yi?

ADDA: Ba kai ka ce kar a kashe ta sai ta yi awa takwas ba?

FALALU: Gwaji ne nake yi. Na ƙara wa ƙwaƙwalwarta gudu fiye da yadda maƙeranta suka tsara, don wasan bidiyo ya daina sarƙewa a cikinta. Yanzu na duba takardar da na rubuta lambobin, ashe wutar da na ba ta ta yi yawa. Za ta iya ƙonewa!

ADDA: Wato ka ɗora wa jaki kayan raƙumi, ka kama hanyar kasuwa.

FALALU: Adda, ba tawa ba ce! Ta abokina Lukman ce, na Mafara. Babur ɗinshi ya sayar ya haɗa ta, ranar Talata zai buɗe shagon wasa da ita. Amana ya ba... halo? Halo!

ADDA: Ka faɗa rijiya ne?

FALALU: Sabis ne babu. Na ce amana ce!

ADDA: To kwantar da hankalinka, na riga na yi mata magani.

FALALU: Magani? Wane iri?

ADDA: Na ɗora hannu na ji ta da zafi rau, kamar mai masassara. Kakanka Manu shekara ashirin yana ban ruwa da inji a dam ɗin Bakolori. In inji ya ɗau zafi, mi ake yi? Na jiƙa buhun algarara na lulluɓe ta, yadda nake yi wa tuluna.

FALALU: La'ilaha illallahu! Jiƙaƙƙe? Har ramukan iskan?

ADDA: Ruf. Kuma ina yayyafa mata ruwa a kai a kai kada buhun ya bushe.

FALALU: Wayyo Allah! Adda, zare wayar... a'a, tsaya! Hannunki a jiƙe yake? Kar ki taɓa! Goge hannu, sa takalmin roba, ki kashe daga bango.

ADDA: Uku ne a bangon.

FALALU: Na tsakiya!

ADDA: Na tsakiya firjina ne, kindirmon gobe na ciki.

FALALU: To kashe duka! Duka, Adda!

ADDA: Kai, sassauta murya. Ni na yaye ubanka. Da safe kar a kashe, yanzu a kashe.

FALALU: Na tuba. Don girman Allah, don darajar kakana Manu, ki tashi. Da wane ido zan kalli Lukman?

ADDA: Ga ni ina tashi, ƙafa ce ba inji ba. Wash... A'a! Ah to.

FALALU: Mi ya faru?

ADDA: Ta yi shiru.

FALALU: Kin kashe?

ADDA: Ko bangon ban kai ba. Da kanta ta yi. Har 'yar fitilar ta ɗauke. Ka gani? Zazzaɓi ya sauka, ta samu barci.

FALALU: Adda... kina jin wani wari?

ADDA: Ɗan ƙauri, kamar roba ta faɗa murhu. Zafin ne ke fita. Ka ce wa abokin naka ya kawo mini goro.

FALALU: Wani kira na shigowa. Adda, Lukman ne.

ADDA: Madalla. Ɗauka ka yi mishi albishir. Halo? Falalu?