Fim ɗin da ya buɗe bakin ƙanwata

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, da fatan kina lafiya. Sunana Rabi, daga unguwar Hindawiyya a nan Makka.

Ran Juma'a bayan la'asar muna kallon wani fim, ni da Ummanmu da ƙanwata Sa'a, mai shekara goma sha tara. A fim ɗin, mijin uwa ne yake lalata da agolarsa. Da yarinyar ta faɗa wa uwarta, sai uwar ta mare ta, wai sharri take masa.

Umma ta yi tsaki ta ce, "Wallahi da 'yata ce, da na yarda da ita."

Sa'a ta juyo ta ce, "Umma, da gaske za ki yarda?"

A nan muka ji abin da mijin Umma, wanda ba shi ya haife mu ba, ya daɗe yana mata. Iƙamarmu, wato takardar izinin zama a ƙasar, a hannunsa take, ya ce in ta yi magana zai sa a kore mu daga ƙasar.

Umma ta rungume ta tana kuka, ta ce, "Na yarda, 'yata. Ba laifinki ba ne." A ranar muka koma gidan Kawu a unguwar Zahir, shi ya raka mu muka kai ƙara. Yanzu Sa'a tana ganin likita, har ta fara dariya.

Malama, wasu dangi sun dame mu wai mu janye, a rufa asiri. Umma ta ce ba ta janyewa. Masu sauraro, me za mu ce musu?

Ina gaida Umma, Allah ya saka mata da Aljanna.