Mayen Ƙarfe

A tashar Kazaure, wata tsohuwa 'yar Roni mai suna Tasalla tana jiran motar Kano ta cika, sai wata mata mai goyo ta zauna kusa da ita.

"Sannu Inna. Asibiti za a je? Na ga kina dafe ƙirji."

"Har ƙasar waje, 'yar nan. Ciwon daji ne a nono. Ɗana ya ce likitocin can za su dasa mini ɗan mitsitsin mayen ƙarfe a cikin ƙullutun, su kunna na'ura ya yi zafi har ya ƙone cutar."

"Maye kuma?"

"Abin da na ce ke nan! Maye ya kama ni, kuma a saka mini wani? Wai shi wannan mayen, ƙarfe kawai yake ja, ba ya kama kurwa."

"Wa ya kama ki?"

"Maƙwabciyata mana. Sai da aka sa ta tsallake ni a gaban jama'a, sannan aka kore ta daga unguwar."

"Kin samu sauƙi da ta tashi?"

Tasalla ta gyara mayafi. "Ƙullutun dai ƙaruwa ya yi."

"Allah sarki. Haka aka kori mahaifiyata daga Gwiwa ina yarinya."

Tasalla ta jawo ƙullin kayanta, ta matsa ƙarshen benci tana tofa addu'a cikin riga.

Matar ta yi murmushi. "Zauna abinki, Inna. Mu mayun gida kora ce rabonmu. Na waje ne ake hawa jirgi a je a buɗe masa ƙirji."