Sauƙi Ɗaya

Tun da aka ce tela ya jira, ya san akwai magana. A bencin gaban tagar biyan kuɗin asibiti, wani dattijo ya matsa masa.

"Ya mai jiki?"

"Da sauƙi, Baba. 'Yata ce ta yanke jiki ta faɗi. Yau har ta nemi abinci."

"To, wannan fuskar fa? Kamar kai aka yi wa allurar."

"Sauƙi ɗaya na samu. Na roƙi na kuɗin, aka ce babu. Sai dai keken ɗinkina ya tafi."

"Ni babur na sayar bara. Yarona ya warke, yana ta gudunsa. Ni ne har yau a ƙasa."

Aka kira tela. Ya tashi, bai san da me zai ciyar da 'yarsa ba idan ta koma gida.